Yadda Za Ka Yi Idan Dilan Mota a Birtaniya Ya Tayar da Rigima Kan Tsohuwar Motar da Ka Ba Shi Musaya

A Birtaniya mutane da yawa ba sa wahalar da kansu wajen neman mai sayen tsohuwar motarsu. Wurin dila suke kai ta, ya duba ya yi mata kuɗi, a cire daga farashin wadda za su ɗauka, su cika sauran. Cikin yini ɗaya an gama. Rigimar takan ɓullo ne bayan kwana uku ko mako biyu, sai dila ya bugo waya da wata irin murya dabam da wadda ka sani ranar ciniki. Wai makanikinsu ya gano giyabos ya tafi, ko gaskit ya ƙone, don haka ka kawo fam 1,200, in ba haka ba ka dawo da sabuwar ka ɗauki tsohuwarka, ko kuma a haɗu a kotu.

Akwai masu biya nan take saboda tsoro, musamman baƙin da ambaton kotu kawai ya isa ya hana su barci. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin sau da yawa doka ba ta ɗora musu ko fam ɗaya ba. Abin da zan bayyana a nan dokar Ingila da Wales ce. Sukotland tana da nata tsarin kotu, kuma zan nuna inda suka bambanta idan an zo wurin.

Mataki na farko: ka gane matsayinka a cikin cinikin

A cinikin musaya kai mutum biyu ne. Kai ne mai sayen motar dila, kai ne kuma mai sayar masa da taka, kuma ma'aunin da doka take auna ɓangarorin biyu da shi ba ɗaya ba ne.

Motar da dila ya sayar maka tana ƙarƙashin dokar Consumer Rights Act ta 2015, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban shekarar. Ta wajabta masa ya ba ka mota mai inganci daidai da shekarunta da farashinta, mai yin aikin da aka saye ta dominsa, kuma daidai da yadda ya siffanta ta. An ɗora masa wannan nauyi ne saboda sana'arsa ce.

Kai kuwa sayar da mota ba sana'arka ba ce. Dokar Sale of Goods Act ta 1979 ta ɗora sharaɗin inganci ne a kan mai sayarwa a matsayin kasuwanci kawai. Abin da ya hau kanka biyu ne: ya kasance kana da ikon sayar da motar, kuma ta kasance yadda ka siffanta ta. Ba ka yi wa dila alkawarin cewa kuloci zai ƙara shekara ba. Shi ne gwani, shi ke da gareji da na'urar gwaji da makanikai, kuma an ba shi dama ya duba. Idan ya zagaya motar sau ɗaya, ya daki taya da ƙafa, ya rubuta farashi, sakacinsa ne, kuma ba a biyan mutum kuɗin sakacinsa. Saboda haka tambayar da za a tsaya a kanta ba ita ce ko motar tana da lahani ba. Tambayar ita ce: me ka faɗa ko ka sa wa hannu wanda ba gaskiya ba ne?

Mataki na biyu: kada ka yanke komai a waya

Ka saurare shi ya gama. Kada ka ba da haƙuri, kada ka ce "ai dama nakan ji wata 'yar ƙara," kada ka yi tayin raba asara biyu don a zauna lafiya. Maganar da ladabi ya sa ka furta tana iya komawa hujja a kanka. Ka ce ya rubuto ƙorafinsa ta imel ko wasiƙa tare da shaidarsa, za ka ba da amsa a rubuce. Da ka ajiye waya ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya kira da abin da ya ce.

Idan ya ce zai kawo tsohuwar motar ya ajiye a ƙofar gidanka, ka rubuta masa cewa ba ka amince ba, kuma kada ka karɓi makulli. Karɓar makulli yana iya zama alamar ka yarda a warware ciniki. Haka nan ba shi da ikon zuwa ya ɗauke sabuwar motar da ƙarfi don yana ganin yana bin ka kuɗi. Mai bin bashi sai ya bi ta kotu. Idan barazana ta yi yawa, kira dare da rana ko turo mutane gida, ka adana komai, domin dokar hana tsangwama ta 1997 tana nan, kuma 'yan sanda suna karɓar irin wannan ƙara.

Mataki na uku: tattara takardu, ka karanta wadda ka sa wa hannu cikin sauri

Ka nemo takardar oda, da rasidin ciniki mai nuna kuɗin da aka yi wa tsohuwar motar, da duk imel da saƙon waya, da rasidan gyara da na sabis, da hotunan motar idan ka ɗauka ranar da ka miƙa ta. Tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, yana nan kyauta a shafin gwamnati na GOV.UK, da lambar mota kawai za ka buɗe shi. Yana nuna yawan mil da aka rubuta a kowane gwaji, da ƙananan lahanin da mai gwaji ya ja hankali a kansu. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin duk abin da ke can a buɗe yake ga dila tun kafin ya yi tayi, ba zai ce ka ɓoye masa ba.

Takardar da ta fi kowacce nauyi ita ce fom ɗin da dila ya cike lokacin da yake duba motar, wanda yawanci ake turo maka a kan tebur ana ta hira, a nuna maka inda za ka sa hannu. Akwai 'yan akwatuna a jikinsa: mil nawa mita ta nuna kuma kana tabbatar da su, motar ta taɓa babban haɗari, kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ba ta gyaruwa, akwai sauran bashi a kanta, ka san wani lahani a inji ko giya. Ka karanta kalma bayan kalma. Akwai tazara mai nisa tsakanin jimlar da ke cewa "iya sanina babu lahani" da wadda ke cewa "ina ba da tabbacin babu lahani." Ta farko ba ta kama ka sai an nuna ka sani ka ɓoye. Ta biyu alkawari ne a cikin yarjejeniya, tana iya kama ka ko da zuciyarka fes take.

Idan ba a ba ka kwafi ba, ka nema. In sun yi jan ƙafa, dokar kare bayanan mutum ta ba ka damar neman duk bayanan da kamfani ya ajiye a kanka, har da imel da sautin waya idan suna naɗa, kuma a ƙa'ida wata ɗaya ke gare su su amsa.

Mataki na huɗu: ka yi wa kanka tambayar gaskiya

Wannan matakin kai kaɗai za ka yi shi, kuma a kansa sauran suka dogara.

Idan ba a tambaye ka ba, kai ma ba ka ce komai ba, a dokar Ingila shiru kawai ba ƙarya ba ne. Idan an tambaye ka ka faɗi abin da ka yi imani da shi bisa dalili mai kyau, kana da ƙarfi. Amma rabin gaskiya yana kama mutum: ka ce "an yi mata sabis watan jiya" ka haɗiye cewa a sabis ɗin ne makaniki ya ce injin yana shan ruwa. Haka idan abin da ka faɗa gaskiya ne ranar tayi, sai ya canza kafin ranar miƙa mota, wajibi ne ka sanar. Wanda kuwa ya goge fitilar gargaɗi ta inji da na'ura da safen ranar ciniki, ko ya juya mita, ko aka tambaye shi haɗari ya ce babu alhali da hannunsa ya kai ta wurin masu gyaran bodi, wannan yaudara ce, kuma tana iya wuce maganar diyya ta shiga laifi a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ake koyar da ɗaliban lauya har yau, kuma a kan musayar mota aka yi ta: Oscar Chess da Williams, wadda aka buga a rahoton shari'u na 1957. Williams ya ba kamfanin dila wata Morris musaya, ya ce ƙirar 1948 ce, domin haka littafin rajistarta ya nuna. Aka yi mata fam 290. Bayan wata takwas dila ya aika wa kamfanin Morris lambar inji da ta shasi, sai aka gano ƙirar 1939 ce, wani ne can baya ya yi wa littafin coge, kuma kuɗinta na gaskiya fam 175 ne. Dila ya nemi cikon fam 115. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta hana shi, bisa dalilin cewa Williams ya faɗi abin da ya gani a takarda ne da zuciya ɗaya, bai yi alkawari ba, kuma dila ne ke da ilimi da hanyar bincike tun ranar farko. Bayan wannan an yi dokar Misrepresentation Act ta 1967, wadda ta ce wanda maganarsa ta ja wani cikin ciniki alhali ba daidai ba ce zai biya diyya, sai fa idan ya nuna yana da dalili mai kyau na yarda da ita kuma ya yarda da ita har lokacin da aka ƙulla ciniki. A nan ne rasidan gyara da takardun MOT suke tsaya maka. Ko da kuskuren na tsakani da Allah ne dila yana iya neman a warware ciniki, sai dai wannan ƙofa tana rufewa idan ya yi jinkiri, ko ya riga ya sayar da motar ga wani.

Idan ka bincika ka ga lallai ka ɓoye abu, shawarata ka nemi sulhu da wuri, a rubuce, da sharaɗin cewa kuɗin da ka biya ya rufe maganar gaba ɗaya. Ko a nan ma asararsa ta gaskiya za ka biya, ba adadin da ya ga dama ya ambata ba.

Mataki na biyar: ba da amsa a rubuce

Gajeriyar wasiƙa ta fi doguwa, kuma babu zagi babu roƙo. Da Turanci za ka rubuta, amma ga abin da za ta ƙunsa:

"Na samu saƙonku na ranar kaza game da mota mai lamba kaza da na ba ku musaya ranar kaza a kan fam 4,000, kamar yadda rasidinku ya nuna. Ni ba ɗan kasuwar mota ba ne. Ma'aikacinku ya duba motar kafin ya yi tayi, kuma na amsa tambayoyinsa iya sanina. Ban yarda kuna bi na komai ba. Idan kuna ganin na faɗi abin da ba gaskiya ba, ku nuna mini wace magana ce, yaushe na yi ta, ga wa, tare da kwafin duk takardar da na sa wa hannu, da rahoton injiniya mai zaman kansa da ke nuna lahanin yana nan kafin ranar ciniki, da yawan mil da mita take nunawa yanzu. Ku ci gaba da tuntuɓa ta a rubuce kawai."

Maganar mita kada ka bar ta. Mota takan yi yawo bayan ta bar hannunka: gwajin masu saye, kai ta wani reshe, kai ta wurin gwanjo. Idan ka miƙa ta da mil 82,400, yanzu tana nuna 82,900, sai dila ya yi bayanin abin da ya faru a wannan tsakani. Rahoton makanikinsa kuma ba ya da nauyin na wanda ba ya cin albashinsa. Nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma a wannan karon shi ne mai da'awa.

Mataki na shida: idan wani abu naka yana hannunsa

A nan lamarin ya fi tsauri, domin yana da abin matsa maka.

Idan ba a kai ga miƙa motoci ba, sai ranar ɗauka ya ce ya rage kuɗin taka, ka duba wane irin farashi aka ba ka. Ƙiyasin intanet kusan kullum yana ɗauke da sharaɗin sai an gani da ido, don haka ba ya ɗaure kowa. Amma farashin da aka rubuta a takardar oda bayan an duba mota, kuka sa hannu ku biyu, yarjejeniya ce. Yawancin takardun oda suna ba dila damar sake farashi idan yanayin motar ya canza kafin a miƙa ta, kamar sabon ƙarce ko mil da suka wuce ƙima. Idan babu abin da ya canza, ka tsaya a kan farashin, ko ka nemi kafin alƙalaminka ka tafi. Sharaɗin da ya ba kamfani damar canza farashi yadda ya ga dama ba tare da dalili ba yana cikin irin waɗanda dokar 2015 take tuhuma da rashin adalci, kuma sharaɗin da aka tabbatar ba na adalci ba ne ba ya ɗaure mai saye.

Idan dila ya riƙe littafin rajistar sabuwar motar, wato V5C, kana iya neman naka kai tsaye daga DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, da fom ɗin V62. Ka kuma tabbata ka sanar da DVLA cewa tsohuwar ta koma hannun ɗan kasuwar mota, ta intanet ko da yankin littafin mai launin rawaya. Kada ka bar masa wannan aikin. Muddin sunanka ke kanta, tarar ajiye mota da ta gudun wuce ƙa'ida gidanka za su zo, kuma ragowar kuɗin harajin hanya na cikakkun watanni ba zai dawo maka ba sai an sanar.

Mafi haɗari shi ne sauran bashi. Idan tsohuwar motar ta biya kaɗan-kaɗan ce, dila ya ɗauki alkawarin biyan kamfanin lamuni ragowar, sai ya riƙe kuɗin saboda rigima, to a idon kamfanin lamuni kai ne mai bashi har yanzu. Ka kira su ka tabbatar an biya. In ba a biya ba, kada ka tsayar da biyan wata-wata da kanka, domin tarihin bashinka ne zai ɓaci. Ka ci gaba da biya, ka ajiye lissafi, ka nemi kuɗinka daga baya. Idan kuma sabuwar motar ma dila ne ya haɗa ka da kamfanin da ya ba da lamuninta, sashe na 56 na dokar Consumer Credit Act ta 1974 yana ɗaukar dila a matsayin wakilin wannan kamfani a tattaunawar da ta gabaci ciniki. A shari'ar Forthright Finance da Ingate ta 1997, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗora wa sabon kamfanin lamuni alkawarin da dila ya yi na biyan bashin tsohuwar mota bai cika ba. Don haka ka kai musu ƙorafi su ma, a rubuce.

Mataki na bakwai: idan sabuwar ce ta lalace, taka kuma an sayar

Wani lokaci rigimar ta wannan gefen take fitowa. Dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota mai lahani ka karɓi kuɗinka cif. Bayan haka dila yana da damar gyara ko canji sau ɗaya, in bai yi ba ka mayar ko ka nemi ragi, kuma yana iya cire wani abu na amfanin da ka yi da ita. Idan gyara kake nema, ko mayarwa bayan gyara ya gaza, a cikin wata shida na farko, ana ɗauka lahanin yana nan tun ranar saye sai shi ya nuna akasin haka. Tsohuwar motarka kuwa, doka ta ce a mayar maka da ita yadda ka ba da ita. In ya riga ya sayar, sai ka nemi diyyar ƙimarta, kuma adadin da ke rubuce a rasidi shi ne inda za ka kafa ƙafa. Kada ka yarda ya ce ai ya kumbura kuɗinta ne don ciniki ya faɗa; shi ya rubuta da hannunsa. Idan ya amince da mayarwa, kwana 14 ke gare shi ya biya.

Idan motar ta lamunin HP ko PCP ce, wato tsarin biya kaɗan-kaɗan da mota ba ta zama taka sai ka gama biya, kamfanin lamuni ne mai ita a doka, wurinsa za ka kai ƙarar mayarwa. Idan kuma kai tsaye ka saya, ka biya ko da kafin alƙalami da katin bashi, kuma farashin motar ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sashe na 75 na dokar 1974 ya sa kamfanin katin ya zama abokin tarayyar dila a ɗaukar alhaki.

Mataki na takwas: inda ake kai ƙara

Ka fara da ƙungiyar Citizens Advice, shawararsu kyauta ce, kuma su ne ke miƙa rahoto ga jami'an Trading Standards, masu sa ido kan bin dokokin kasuwanci. A Sukotland, Advice Direct Scotland ke wannan aikin. Ka duba ko dilan yana cikin waɗanda suka yi rajista da Motor Ombudsman, wato ofishin da ke raba gardama tsakanin masu sayen mota da dillalai. In yana ciki, ka ba shi mako takwas ya warware ƙorafinka, ko ya ba ka amsarsa ta ƙarshe, sannan ka kai musu ba tare da biyan komai ba. Abin da ya shafi lamuni kuwa Financial Ombudsman Service ake kaiwa, ofishin da ke sauraron ƙorafi kan kamfanonin kuɗi, su ma bayan mako takwas, kuma cikin wata shida daga ranar amsar ƙarshe ta kamfanin.

Kotun ƙananan da'awowi a Ingila da Wales tana sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba. A Sukotland iyakar hanya mai sauƙi fam 5,000 ce. Ba sai da lauya ba, kuma a ƙa'ida wanda ya yi nasara ba ya karɓar kuɗin lauyansa daga ɗayan, shi ya sa dila yakan yi lissafi sosai kafin ya shigar da ƙarar da hujjarta ba ta da ƙarfi. Tun watan Mayun 2024 irin waɗannan ƙararraki na kuɗi sai sun bi ta zaman sulhu na waya, kyauta, na kimanin awa ɗaya, kafin su isa gaban alƙali. Wa'adin shigar da ƙarar yarjejeniya shekara shida ne a Ingila da Wales, biyar a Sukotland, saboda haka kada ka zubar da takardunka don dila ya yi shiru wata biyu.

Wasiƙar barazana daga dila ko lauyansa ba sammaci ba ce, amma ka amsa ta cikin wa'adin da ta ambata, da irin amsar da ke mataki na biyar. Takardar da'awa daga kotu kuwa, mai hatimi da lambar ƙara, kada ta kwana a aljihun tebur. Kwana 14 ke gare ka ka amsa, ko ka aika da shaidar cewa ka karɓa, wa'adin ya zama kwana 28. Idan ka yi shiru za a yanke hukunci a bayan idonka ko da gaskiya tana wurinka, kuma in ba ka biya cikin wata ɗaya ba, hukuncin zai zauna a rajista shekara shida, inda bankuna da masu ba da hayar gida za su gan shi. Idan ka sauya gida bayan cinikin, ka rubuta wa dila sabon adireshinka, ka ajiye kwafin saƙon.